Rasuwar Buford, Injin Delmar Pruitt

Da zuciya cike da baƙin ciki, da ɗacin cin amana, iyalan Delmar Pruitt na garin Cushing a jihar Oklahoma ke sanar da 'yan'uwa da abokan tsere rasuwar Buford, inji mai fulogi takwas, wanda ya cika ranar Asabar da misalin ƙarfe uku na yamma a filin tseren bayan gari, saura ƙiris ya kai layin ƙarshe. Ya rasu yana da shekara hamsin da biyar a duniya, arba'in daga ciki a hannun Delmar.

Delmar ya tsinto marigayin ne a cikin wata tsohuwar akori-kura da aka yasar a bayan rumbun wani manomi, kaji na saka ƙwai a kan kujerarta. Shi da Harlan Tackett, makanike, amininsa kuma ƙanen matarsa Verna, su suka kwance shi noti-noti, suka wanke, suka haɗa, suka ɗora shi a cikin shuɗiyar motar nan mai ƙofa biyu da duk gari ya sani.

Duk wanda ya zauna da Buford zai shaide shi da haƙuri da sanin ya kamata. Bai taɓa ƙin tashi ba, ko da ƙanƙara ta rufe gilashi. Ranakun aiki ya kai Delmar ma'ajiyar mai ya dawo da shi. Ranar Lahadi ya kai Verna coci a natse, yana sassauta murya tun daga kwana saboda masu waƙa. Asabar kuwa sai ya zama wani daban, ya cinye kwatan mil cikin daƙiƙa goma sha biyu da 'yar ɗoriya. Idan yana silo a ƙofar gida, muryarsa ƙasa-ƙasa take, gudun-gudun-gudun, kamar dattijon da ke gyaran murya kafin ya yi magana.

Ciwon ajalinsa ya samo asali ne daga wani buri. Da Delmar ya yi ritaya, ya ce yana so ko sau ɗaya ya ga daƙiƙa goma sha ɗaya a kan allon filin tsere kafin gwiwoyinsa su hana shi taka kuloci. Abin da ya rage a sauya shi ne kamshaf, sandan ƙarfen nan mai tudu-tudu da ke buɗe bawul yana rufewa, wanda shi ke tsara wa inji numfashinsa. Ƙarami yana da daɗin sha'ani a cikin gari, amma numfashi kan ƙare masa a fili. Babba zaki ne a fili, a gari kuwa sai tari da mutuwa a kan danja. Delmar na tsakiya yake nema, wanda zai ci tsere ranar Asabar kuma ya je coci washegari.

Duk lokacin sanyin bana a kan teburin kicin ya ƙare shi, da kundin kayan gyara da fensir, yana sauraron muryoyin injuna a waya. Verna ta gaji ta ce, "Tsoho, ko da za ka aure ni ba ka yi wannan dogon nazari ba."

Ya ce, "Ke ai ba a ba ni kundi mai shafi ɗari biyu aka ce in zaɓa ba."

Da ya tsai da shawara, ya rubuta lambar kamshaf ɗin a takarda ya kai wa Harlan ya yi odarsa. A makon ne aka kira shi asibiti za a yi masa aikin gwiwa. Harlan ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Je ka kwanta a gyara ka, Del. Buford ai ɗana ne ni ma. Da hannuna zan sa, kuma komai sai na auna sau biyu."

Delmar ya dawo gida da sanda, ya murza makulli, ya ji muryar da bai sani ba. Ɓat-ɓaɓat, ɓat, shiru, ɓaɓat. Marigayin na jijjiga kamar mai zazzaɓi. Ya mutu a kan danjar banki, ya mutu a gaban gidan waya. Birki ya yi tauri, har wata Lahadi suka kusa shiga shingen coci, Verna ta sauka ta ce daga yau a ƙafa za ta riƙa zuwa. Sau uku Delmar na zuwa garejin Harlan yana cewa wannan ba muryar da ya zaɓa ba ce.

Harlan ya yi dariya ya ce, "Sabo ne, bai zauna ba. Kai dai kunnenka ne ya tsufa, mutumina."

Delmar ya yarda. Bai taɓa kama Harlan da ƙarya ba, bai kuma san ta inda ake fara zarginsa ba.

Ranar Asabar ɗin, wanda aka jera shi da shi a layin hagu shi ne Dakta Winfield, likitan haƙori, sabon mai kawo wa Harlan aiki, a cikin jar motarsa. Suna jiran fitila, Delmar ya jiyo silon jar motar ta cikin hular kwano. Muryar da ya yi wata uku yana saurara a kicin ce, sak. Kafin ya gama tunani kore ta kama. Buford ya tashi da nauyi, jar mota ta ba shi rata. Amma da ya shiga giya ta uku sai ya buɗe murya irin wadda ba a taɓa jin ya yi ba, ya kamo ta, ya jera da ita. Daga nan aka ji ƙas, sai ƙararas, sai farin hayaƙi. Delmar ya gangara gefe, baƙin mai na tsiyaya a kan kwalta, ya zauna riƙe da sitiyari har motar da za ta ja su gida ta zo.

Da aka buɗe gawar ranar Litinin da safe, an tarar bawul uku sun lanƙwashe, fistan biyu sun huje, jikin injin kuma ya tsage daga ciki, tsagewar da ba ta walduwa. Delmar ya zare kamshaf ɗin, ya goge gindinsa da tsumma, ya daɗe yana duban lambar da ke jiki. Sannan ya sa Verna ta kira ƙanenta.

"Harlan, karanta mini wannan lamba."

"Ban zo da tabarauna ba."

"Ga nawa."

Harlan bai karɓa ba. Ya cire hula ya ce, "Naka ya iso, Del. Dakta na da tsere a Tulsa a makon, nasa kuma sai bayan mako shida. Kai kana kwance. Na ce bari in ara masa, in sa maka wani da ke kan kanta, kafin ka warke in musanya."

"Wanda ke kan kanta na motar tsere zalla ne. Ka auna tsakanin bawul da fistan?"

"Na yi niyya."

"Sau uku na zo maka. Ka ce kunnena ne."

"Kunya na ji, ɗan'uwa."

Delmar bai ɗaga murya ba. Ya miƙa hannu, Harlan ya zare makullin garejin gidan Delmar daga cikin makullansa ya ɗora masa a tafi. Verna ce ta buɗe wa ƙanenta ƙofa, ba ta kuma raka shi ba.

Marigayin ya rasu ya bar gangar jikin mota guda, giya, lagireto, da kafireta wadda har yanzu take da sauran mai a cikinta. Ya bar fistan shida cikin ƙoshin lafiya amma ba su da wajen zuwa. Ya bar Verna, wadda ba ta san yadda za ta shirya teburin liyafar bikin godiya na ƙarshen shekara ba, mijinta a wannan gefe, ƙanenta a wancan. Ya kuma bar Delmar, wanda kullum da safe yake ɗaukar kofinsa ya nufi gareji, sai ya kai bakin ƙofa ya tuna.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe goma na safe, a ƙarƙashin bishiyar da ke bayan gidan, domin Delmar ya ce ba za a kai Buford wajen masu narka ƙarfe ba. Bayan an rufe shi, Verna za ta ciyar da masu ta'aziyya gasasshen naman ƙirji da wake da shayi mai ƙanƙara. Ba a buƙatar furanni, kuma kada kowa ya zo da shawarar wane kamshaf ya kamata a sa.

Ana neman maza shida masu lafiyar baya da za su ɗauki marigayin, domin na'urar ɗaga inji guda ɗaya ce a unguwar, kuma ta Harlan ce. Ya aiko a ce zai kawo ta, ya kuma tambaya ko zai iya halarta. Delmar ya ce na'urar ta zauna inda take. Shi kuwa Harlan, in ya ga dama ya zo, ya tsaya a tsallaken titi.