Auren da Baƙin Kati Ya Haɗa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Katunan Alfarma na Bankin Inuwar Fatake, wanda hotonsa ke rataye a reshenku na Aba yana yi wa kowa murmushi iri ɗaya, da mai ajiya da mai neman rance.

Bayan gaisuwa irin ta ƙarami ga babba, da tambayar iyali da aiki da sanyin ofis, ina fatan wasiƙar nan za ta same ka a zaune. Sunana Enyinnaya Erondu. Ina sayar da tafin takalmi da gam da maɓallai a kasuwar Ariaria, nakan je sari ƙasar Sin, wani lokaci Turkiyya. Makon jiya kun aiko mini saƙo a waya kuna roƙon in kwatanta katunanku uku na matafiya, in faɗi wanda ya fi kwanta mini a rai. Gurbin da kuka bari don amsa bai fi faɗin yatsa ba, ni kuwa na riƙe katunan nan duka ukun, ɗaya bayan ɗaya, har furfura ta cim mini. Shi ya sa na ga ya dace in amsa ta jarida, don sauran 'yan kasuwa su ma su ƙaru.

Na ɗaya, ɗakin hutun manya a filin jirgi. Da kuka ba ni Katin Azurfa kun ce zan riƙa shiga, kuma ba zan yi muku ƙage ba, na shiga. Akwai kujera, akwai shayi, akwai biskit biyu a faranti an jera su nesa da juna don su cika wuri. Da na hau Katin Zinare aka mai da ni ɗakin nan dai, sai dai kujerar tana da wurin ɗora hannu. Da na kai Baƙin Kati kuwa, wata yarinya ta rusuna ta ɗage wani labule ta shigar da ni bayansa, inda nake jin tarin masu Azurfa ba tare da na ga fuskokinsu ba. Biskit ya zama uku. Wa zai ce ba a samun ci gaba a ƙasar nan?

Na biyu, inshorar kaya. Katin Zinare ya yi alkawarin in kayan matafiyi suka ɓata za a biya shi. Kwalina na samfurin maɓallai ya yi layar zana tsakanin Guangzhou da Addis Ababa, na zo reshenku da ƙarfin gwiwa. A nan aka karanta mini abin da inshorar ta sani: sandunan golf, da katakon zamiya a kan ƙanƙara, da sarƙar lu'u-lu'u. Kayan sayarwa ba sa ciki. Ranka ya daɗe, a layinmu kaɗai masu riƙe da katinku sun cika coci, amma ban san ko mutum ɗaya da ya taɓa hawa jirgi don ya je ya zame a kan ƙanƙara ba. Mu a bakin kasuwa muke zamewarmu kyauta duk damina.

Na uku, shi kansa Baƙin Katin. Na ƙarfe ne, kuma ina yaba wa wanda ya ƙera shi, don ya huda mini aljihun wando biyu shi ko kwarzane bai yi ba. Ya zo da hadimi na waya wanda aka ce ba ya barci, duk abin da nake so in faɗa masa. Na kira shi ya nemo mini motar da za ta ɗauko kwantenata daga tashar jirgin ruwa ta Onne. Ya ce cikin ladabi wannan ba ya cikin ayyukansa, amma zai iya kama mini teburin cin abinci a Paris, ko kuwa akwai wadda nake so a aika wa furanni? Amfani ɗaya dai na gani da idona: in ka yar da katin a tebur yana ƙara, kowa ya waiwayo. Na yar da shi sau ɗaya a taron ƙungiyar garinmu, nan take aka mai da ni kujerar gaba, aka kuma ninka mini kuɗin rufin zauren gari.

Waɗannan duka na haƙura da su tuntuni, har na saba. Ba su suka sa na ɗauki alƙalami ba.

Na huɗu, maki. Tun ranar farko kun ce duk sayayyar da na yi da kati ana tara mini maki, wata rana su zama tikitin jirgi. Ban taɓa su ba. Abokai na canza nasu su karɓi agogo ko kwana a otal, ni na danne zuciyata, don na san abin da nake tara wa. 'Yata Chinasa tana Manchester, tana aikin kula da tsofaffi, mijinta yana karatu. Cikin fari gare ta, kuma watan haihuwarta ya kusa kamawa. Ko ba a faɗa maka ba ka san omugwo: mace ta haihu, uwarta ce ke zuwa ta zauna da ita, ta gasa mata jiki da ruwan zafi, ta yi wa jariri wanka, ta dafa farfesun doya da busasshen kifi, ta karɓi kukan jariri don mai jego ta runtsa. Su sun yi fafutukar biza. Tikiti kuwa, tun ranar bikinsu na ce a gaban jama'a wannan nawa ne.

Mahaifiyar Chinasa ta rasu yarinyar ba ta shiga makaranta ba. Yayar marigayiyar, Da Uzoaru ("Da" muke ce wa babbar mace don girmamawa, namiji kuma "Dede"), ita ta zo ta ɗauki yarinyar a ranar da aka share makoki, ta goya ta, ta yi mata kitso, ta zane ta da ta yi ƙarya, ta zauna a kujerar uwa ranar aurenta. Chinasa ba ta san wata Mama ba sai ita. Da Uzoaru gwauruwa ce, matar marigayi Dede Ahamefula mai koyar da katikisma a coci, kuma ita ce shugabar zumuntar mata a cocinmu. Ta girme ni nesa ba kusa ba, har yau in ta shigo shagona tashi nake in ba ta kujera. Tun da cikin ya fito ta fara shanya kifi, ta ƙulla kimba da masoro a leda, ta sa tela ya ɗinka mata rigar sanyi, alhali ko Legas ba ta taɓa zuwa ba.

Na je reshenku na ce a fitar da tikiti da sunanta. Wata budurwa mai suna Ihuoma ta duba na'ura ta ce makin sun isa har da 'yan kai. Ta tambayi alaƙata da mai tafiya, na ce uwar 'yata ce. Ta ce, "Matarka kenan, Dadi?" Na ce a'a, yayar matata. Sai ta janye hannunta daga na'urar, ta karanto mini ƙa'ida: ana ba da tikitin maki ne ga mai kati ko iyalinsa, iyali kuwa su ne mata ko miji, 'ya'ya, da iyayen da suka haifi mai kati. Na yi mata bayani tun daga asibitin da matata ta cika. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Dadi, ni za ka gaya wa? Ni ma ƙanwar babana ce ta rene ni. Amma na'urar nan gurbi uku ta sani, babu inda zan sa Da."

Ina so in tambaye ka, ranka ya daɗe, ba don neman faɗa ba: a wane gari aka auna iyalin nan naku? Wanda ya rubuta ƙa'idar, a gidan su mutum nawa ne ke cin abinci a tukunya ɗaya? Ba a taɓa mutuwa a danginsu wani ya ɗauki ɗan wani ba? In kuwa daga waje kuka sayo ta tare da na'urar, ba wanda ya tuna ya gwada ta a jikin mutanen da za su sa ta? Mu ko takalmi muka kawo daga Sin sai mun duba ko zai shiga ƙafar mutumin Ngwa.

Na biyar, shawarar da aka ba ni. An shigar da ni wurin manajan reshe, mutum mai fara'a da ƙamshin turare. Ya ce mafita biyu ce. Ta farko, in sayi tikitin da katin a matsayin bashi. Na tambayi ruwan da zai hau, ya faɗa, na ce masa kayana suna tsare a tasha tun bara, dala ta cinye rabin jarina, ba zan ba su sauran rabin ba. Ta biyun cikin dariya ya faɗe ta. Ya ce, "Cif, ai da matarka ce da yanzu kana hanyar gida. Takardar auren rajista kawai muke gani, ba ma tambayar shekarun amarya." Ya yi dariya har da buga tebur, ni ma na taya shi, don ba kyau a bar babban mutum yana dariya shi kaɗai.

Da yamma na je gidan Da na ba ta labari, na haɗa da barkwancin manaja don in sassauta mata. Ba ta yi dariya ba. Ta ci gaba da juya kifinta a kan raga, can ta ce, "Enyi, a ina ake yin rajistar?" Na ce Da, wasa fa yake yi. Ta ce, "Shi ne ke wasa. Gobe ka zo da wuri, ka sa riga mai kyau, kada ka zo mini da warin gam."

Na yi gardama iya ƙarfina. Wanda bai taɓa gardama da shugabar zumuntar mata ba, ba zai gane ba. Washegari muka je sakatariyar ƙaramar hukuma, aka liƙa sunayenmu a allon sanarwa kamar yadda doka ta ce, a tsakanin na wasu yara biyu da ba su kai Chinasa ba. Kafin in koma kasuwa labari ya riga ni. Maƙwabcina Ubani mai sayar da fata ya tare ni a bakin layi yana kaɗa murfin tukunya yana cewa, "Ango ya sha ƙamshi! Dede Enyi, ashe duk tashin nan da kake yi kana ba ta kujera zance ne? To wa zai riƙa gaida wani da safe, kai ko amarya?" Matan layin gam suka ɗauki guɗa. Fasto ya kira ni ya tambaya ko ina cikin hayyacina, da na yi masa bayani sai ya tambaye ni wane kati ne, don shi na Zinare gare shi.

Dariyar kasuwa ba ta dame ni ba, a cikinta na girma. Abin da ya hana ni cin abinci shi ne saƙon da dangin Dede Ahamefula suka aiko. Sun ce ba su hana ta aure ba, amma ta san al'ada: macen da ta ɗauki sunan wani namiji ta bar gidansu, da ɗakinta, da wurin da aka keɓe mata kusa da kabarin mijinta a bayan gida. Ba ruwansu da cewa auren takarda ne. Wurin nan Da take sharewa duk Asabar tun da aka binne shi. Chinasa ta kira tana kuka tana cewa, "Mama, ki bari, zan iya ni kaɗai, nan akwai asibiti." Ina zaune na ji amsar Da. Ta ce, "Rufe mini baki. Asibiti ne zai gasa miki ciki? Ke da ba ki san yadda ake tallafe kan jariri a ruwa ba. Inda za a binne ni ya jira, ba gobe zan mutu ba." Da ta ajiye wayar ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba. Na ji kunya a ranar irin wadda ban taɓa ji ba, kuma har yanzu da nake wannan rubutu ba ta sake ni ba.

Ga kwatancin da kuka nema, ranka ya daɗe. Katin Azurfa ya ba ni kujera. Na Zinare ya koya mini sunayen wasannin da ban sani ba. Baƙin Kati ya fi su duka nesa, don shi mata ya samo mini, kuma ban san wani banki a ƙasar nan da ya kai ku kula da abokin hulɗa ba.

Roƙona ɗaya ne, bai kuma kai layi guda ba. Manajan reshe ya ce duk ƙasar nan kai kaɗai ke da ikon sa hannu a fitar da tikiti ga wanda ba ya cikin gurbi ukun nan. Na rubuto maka ta hannunsa, aka amsa mini da cewa ana godiya da na zaɓi Inuwar Fatake. An sa ranar ɗaurin auren Alhamis mai zuwa, don ba za mu iya jira fiye da haka ba, jaririn bai san da ƙa'idarku ba. In amsarka ta riga ranar, zan je da kaina in cire sunayenmu daga allo, Da Uzoaru ta hau jirgi da sunan mijinta, ta dawo ta tarar da ɗakinta.

In kuwa ayyuka sun yi maka yawa, to ina gayyatarka cikin girmamawa ka zama shugaban taro, tunda kai ka haɗa auren. Za a ajiye maka kujera a gaba, akwai goro da bammi, Ubani ya ɗauki nauyin kiɗa. Rajista na buƙatar shaidu biyu, har yau mun rasa na biyun, don babu wani kuma da ya yarda ya sa sunansa a takardar da za ta fitar da Da Uzoaru daga gidan mijinta. Ka taimaka ka taho da alƙalaminka. Ko a ofishinka ko a sakatariya, sa hannu ɗaya ne dai muke nema a wurinka, kai za ka zaɓi takardar.

Naka mai biyayya har ƙasa, wanda bai taɓa makara wajen biyan kuɗin shekara ba,

Enyinnaya Erondu,
Layin Masu Tafin Takalmi, Kasuwar Ariaria, Aba.