Rasuwar Mai Ido Uku

Da zuciya cike da baƙin ciki, da ɗaki cike da ƙaurin ƙonanniyar wayar wuta, iyalan tsohon mai gyaran talabijin na ƙarshen layi suna sanar da rasuwar na'urar majiginsu, wadda aka fi sani da Mai Ido Uku. Ta cika ranar Talata da yamma, tana tsaka da aiki.

Marigayiyar ta zo gidan ne a kan amalanke, bayan makarantar da ta yi wa hidima ta sallame ta. Ido ja, ido kore, ido shuɗi, kuma ba ta nuna hoto sai Baba ya durƙusa da ɗan sukudireba ya lallashi ukun sun kalli wuri ɗaya, abin da Mama ta ce bai taɓa iyawa da 'ya'yansa ba. Mai kunya ce, ba ta aiki sai an saki labule. In an kunna ta takan ce ƙas, ta yi fuuu, sannan ta farka a hankali.

Jinyar ta soma ne ranar da Yaya, babbar 'yar gidan da ke aure a nesa, ta turo bidiyon jaririyarta, irin mai kaifin nan da har gashin ido ake gani ɗai-ɗai. Mama ta duba a waya ta ce hancin na danginta ne. Baba ya ƙi ko kallon wayar. Ba zai fara ganin jikarsa a abu kamar sandar sabulu ba. A bango zai gan ta, kuma hancin nasa ne.

Sai dai ba a ƙera marigayiyar don irin wannan hoto ba. Baba ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya sayo akwatin da zai fassara mata hoton zamani, ya mayar, ya sayo wani. Ya ƙara mata fanka, ya ƙara wata. Ya matsa mata ta riƙa zana layukan hoto ninkin waɗanda ta saba, fuuu ɗinta ya koma ziiii, har kyanwar gida ta ƙaura. Ya durƙusa, ya miƙe, ya zagaya ɗakin, abinci ya huce, ya sake durƙusawa. Jaririya ta fito da kai uku. Ta fito koriya. Ta fito ta gudu.

Ranar Talata da safe ta fito daidai, bango guda. Baba ya tsayar da hoton, ya ƙure haske. Shi da ya yi shekaru yana gargaɗin masu kawo gyara kada su bar hoto a tsaye, ya ja kujera ya zauna a gaban jikarsa. Mama ta yi ta kira bai ji ba. Ko maganar hanci bai tayar ba. Can da yamma marigayiyar ta ce tas, bango ya koma bango.

Ta rasu ta bar Baba, da fankoki biyu, da rimot wanda yanzu ba shi da kowa, da shacin ƙafafunta a ƙasan ɗaki.

Za a fitar da gawar gobe da safe, idan mai sayen tsoffin ƙarafa ya zo. Ban da koren idon. Da Baba ya ciro shi, sai aka tarar fuskar jaririyar ta ƙone a jikin gilashin, dishi-dishi, ba ta goguwa. Idon yana nan a bakin tagar Baba, yana ɗauka yana ajiyewa, yana tambayar Yaya a waya yaushe za ta kawo masa ita.

Ana karɓar gaisuwa a falo. Mai son ganin idon za a nuna masa, amma ana roƙon jama'a kada kowa ya ce uffan game da hancin. Na Mama ne.