Fatihar da Na Shafa a Gindin Mangwaro

Ba zan taɓa mantawa da wani zama da muka yi bayan la'asar a bakin kwatar ruwanmu ba, can wajen Bunkure. Mu manoman rani da ke shan kwata ɗaya ba mu da shugaba. In ruwa ya yi ƙaranci, gindin mangwaro muke haɗuwa, kowa ya faɗi tasa, magana ta yi ta zagayawa har a rasa mai cewa a'a. Sai duk wanda ya ga ta nuna ya ɗaga hannu a shafa fatiha. Abin da aka shafa wa fatiha kuwa ba a sake tayar da shi.

Gonata ce a ƙarshen kwata, ga tumatirina ya yi fure, ganye ya fara langaɓewa. Na zo da hujjoji cike da ciki (har da wadda zan ajiye sai ƙarshe) don a fara ba mu ruwa, mu na ƙasa.

Aka soma magana. Iska mai sanyi na tasowa daga ruwa. Can saman shinkafar wani na hango tarin tsuntsaye, su miƙe kamar hayaƙi, su lanƙwashe kamar wutsiyar harafin nun da alƙalami ya ja a allo. Babu na gaba, babu mai ba da umarni, amma tare suke juyawa. Muryoyin mutane suka yi mini nisa. Ikon Allah ya cika mini zuciya, ban san lokacin da na ɗaga tafukana na shafa fuska ba.

Sai na ji "amin" ta ko'ina.

Alhaji Sule, mai gonar farkon kwata, ya kama hannuna. "Malam, Allah ya saka! Na ce mu na sama mu fara sha, ku jira mako. Ina jiran ka taso mini, sai ka rufe da fatiha."

Maƙwabcina Ɗanladi ya harare ni. "Malam, da tumatirinmu za ka sayi Aljanna?"

Ta yaya zan gaya wa dattawa tsuntsaye nake kallo? Na gyara murya na ce, "Ai zumunci ne."

Makon nan da bokiti na yi ban ruwa, rabin furen ya zube, Ɗanladi kuma ko sannu.

Na dai gane cewa inda babu shugaba, wanda hannunsa ya fara motsi shi ne shugaba. Yanzu in an zauna, a kan hannuwana nake zama.