Hajiya Mai Koko da Filin Ƙwallo

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na raka wata farfesa ƙofar gidan Hajiya mai koko ba, ko da zan kai shekarun Hajiyar. Bari in fara amsa laifina: gida talatin aka ce in shiga in yi tambayoyi in rubuta amsoshin, ni kuwa uku na shiga.

Yayata Rakiya ce ke digiri na biyu a jami'a, fannin tsare-tsaren gwamnati. (A wurin Babanmu karatun minista ne. A wurina karatu ne na gano dalilin da kwatar layinku za ta shekara goma a toshe ba wanda ya leƙo.) Kundin bincikenta, wanda suke kira memuwar, a kan Zongonmu na Lome ne, unguwar Hausawa: me mutanen unguwa suka fi so hukuma ta fara yi musu? Ta fi shekara tana fama da shi har ta rame, kuma in bai karɓu ba sai ta maimaita shekara.

Da hutu ya zo ta ba ni rabona, layinmu da na bayan masallaci. A gidan farko aka aike ni sayen gawayi. A na biyu wani tsoho ya ɗauko min tarihin yadda kakansa ya baro Kano fataucin goro, awa biyu ba mu kai tambaya ta ɗaya ba. A na uku aka amsa min, amma ina jiyo ihun abokaina suna buga ƙwallo a lungu. Sai na zauna bayan shagon tela, na zama mutum ashirin da bakwai ni kaɗai. Na yi tela, na yi direba, na yi mai jego.

Inda na kwafsa shi ne tambayar ƙarshe, wadda ta ce me ka fi buƙata a unguwa. Zuciya ta rinjaye ni. Mutum goma sha tara suka nemi filin ƙwallo, takwas daga ciki tsofaffin mata, har da Hajiya mai koko.

Yaya ta yamutsa fuska da ta gani. Na ce mata ai jikokinsu suke tausayi. Ta yarda da ni, har ta rubuta shafi uku a kai. Malamar da ke duba aikinta, wata gajeriyar farfesa 'yar ƙabilar Ewe mai tabarau, ta ce ba ta taɓa ganin irin wannan ba, sai ta zo ta ji da kunnenta.

Ranar Asabar sai ga su sun sauka daga zemijan, babur ɗin haya, aka ce in shige gaba. Na bi da su ta hanya mafi nisa a duk Lome, ina addu'ar Allah ya sa Hajiya ta tafi Adidogome wurin 'yarta. Tana nan daram gaban tukunyarta, ruwan kwata na bin gefen bencin masu saye.

Bayan gaisuwa Yaya ta rusuna ta ce, "Hajiya, malamata ce ta zo jin bayanin filin ƙwallon da kika ce kina so."

"Ni? Ƙwallo? Da wace gwiwar?" Ta juyo ta ƙare min kallo. "Ba wannan ne ƙwallonsa ya faɗa min cikin koko bara ba? Ki ce mata kwatar nan nake so a yashe, masu saye sun gaji da toshe hanci."

Yaya ba ta fassara ba, kuma ba a buƙata, don ashe farfesa ta daɗe tana cefane a Zongo, tana jin Hausa sarai. Ta sauke tabarau ta tambaye ni gida nawa na shiga da gaske. Na ce uku, da wata murya da ni ma ban san ina da ita ba. Na so a ce Yaya ta mare ni. Maimakon haka idonta ya ciko, ta ce wa malamar laifinta ne da ba ta bi sawu ba.

Farfesa ta shiga goge tabaraunta har na fara tunanin gudu Ghana a ƙafa (ba nisa). Sannan ta ce a cire shafi ukun, a sake gidajen duka, Yaya da kanta, ta kuma rubuta yadda aka yi a cikin kundin don na baya su kiyaye. "Ƙanin naki kuma shi zai riƙe jaka."

Sati uku ina riƙe da jaka. Yaya ba ta yi min magana ba sai a rana ta huɗu, da ta miƙo min rabin ƙosanta ba tare da ta kalle ni ba. Na ji tarihin goron nan har ƙarshe. Na kuma gane cewa yanke wa mutane abin da suke so ba tare da an tambaye su ba shi ne ainihin ciwon da Yaya ke karatu a kai, ni kuma na nuna mata shi kyauta a cikin gida.

Ta kare kundinta a makare da wata biyu, ta kuma ci. A amsoshin gaskiyar, kwata ce ta zo ta ɗaya. Filin ƙwallo mutum ɗaya ya nema, ɗan tela, golanmu.