Rasuwar Farin Iyafis na Keken Bakin Taga

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda rabinsa haushi ne, nake sanar da ma'aikatan wannan shagon ɗinki, da masu kawo ɗinki, da masu zuwa shan fanka kawai, rasuwar farin iyafis ɗina. Ya riga mu gidan gaskiya yana da wata ɗaya cif a kunnena, bayan gajeruwar jinya.

Marigayin ya zo hannuna ne ranar da surutun shagon nan ya kai ni wuya. Shekara shida ina kan keken bakin taga, wanda kowa ya san na babbar tela ne, ina shan labarin wacece ta yi ƙiba, wacece ta ari mayafi. Sai na cusa shi ƙarƙashin ɗankwali, na kunna littattafan da ake karantawa a waya, kunnena ya huta.

Littafi bakwai ya karanta mini, kuma ba zan yi wa mamaci ƙarya ba, shida shirme ne. Kowane saurayi a ciki dogo ne mai saje da kamfani uku, amma ba a taɓa ganin ya je aiki ba. Budurwar kuwa ko sallama aka yi mata da ƙarfi sai ta suma. Mai karantawar tana jan hanci, tana fara kuka tun wurin kukan bai zo ba, ga zakaran maƙwabtansu yana cara a babi na tara. Ɗaya na gwada karantawa da idona a motar haya, barci ya kwashe ni a shafi na huɗu, na wuce inda zan sauka. Na bakwai ne mai ɗan dama, labarin wata nas da ta gano ana sauya magani a asibitinsu.

An shaidi marigayin da riƙon amana. Abin da ya faɗa a kunnena ya tsaya. Bai taɓa aron zarena ya ce ya manta ba. Laifinsa ɗaya: ranar da nas ɗin ta kama mai sauya maganin, na haɗa wa rigar matar likita hannu biyu duk na hagu. Abokiyar aikina Gajera, wadda ni na koya wa sa zif, ita ta taya ni warwarewa muna dariya. Kafin la'asar na gyara, mai rigar ba ta ma sani ba.

Ciwon ajali ya same shi a bakin aiki. Wayarsa ta naɗe a tayar keke, kunnen hagu ya koma "ƙirrr, ƙirrr", na ɗaure da salatif. Mai gyaran waya ya juya shi sau biyu ya ce sai haƙuri. Ranar Talata da hantsi ya yi maganarsa ta ƙarshe: "Sai nas ta ɗago kai, ta ce…" Daga nan shiru.

Ban cire shi ba, saboda sabo. Ina taka keke da gawa a kunne sai na ji mai shago tana cewa, "Bar ta, ba ji take ba. Asabar zan mayar da ita baya wajen sa maɓalli, 'yar ƙanwata ta hau na taga." Gajera ta karɓe: "Ai Anti kin ma yi haƙuri. Hannu biyu na hagu fa ta yi! Kunne ya tafi, ido ya bi shi." Na mai shago bai dame ni ba, na san halinta. Na Gajera ya yi mini ciwo ƙwarai, har sai da na kasa zura zare a allura.

Marigayin ya rasu ya bar kunnuwa biyu lafiyayyu, da waya mai tsagaggen gilashi, da nas a babi na sha ɗaya da baki buɗe, da kuma ma'aikata huɗu da suka kwana huɗu suna sakin baki a gaban gawa ba ko kunya.

Za a yi jana'iza gobe Asabar ƙarfe takwas na safe. Za a naɗe shi a farin ƙyalle a fita da shi ta ƙofar gaba. Masu rakiya su ne almakashina, da tef ɗina, da littafin awon mata arba'in da uku, wanda da hannuna na rubuta shi har da lambobin wayarsu. 'Yar ƙanwa ta hau keken taga lafiya, ta auna iska.

Zaman makoki a falon yayata ne, inda aka riga aka kafa keke. Masu zuwa ta'aziyya daga shagon nan ba sai sun ɗaga murya ba. Tun Talata raɗa ma ina ji.