Ranar da Na Haifi Matashin Kai

Ko zan manta komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗiyata ta fari ba, a gidanmu na Gazawa.

Aiki aka yi mani aka ciro ta. Kafin a sallame ni, ungozomar asibiti ta ce in riƙa 'yar tafiya a hankali, kuma in zan yi tari, atishawa ko dariya, in danne wurin ɗinkin da matashin kai. Wallahi dabarar tana aiki. Matsalar ita ce ni (Allah ya yafe mani) mace ce mai son a ce tana da dauriya. Dangin mijina za su zo daga Gangara, matan da ke haihuwa da safe su yi daka da yamma, sannan su iske ni rungume da matashi kamar marainiya? Haba!

Sai na yi wayo. Na ɗaure matashin a cikina da tsohon kallabi, na ɗaura zane a kai, na zuba lesi. Na duba madubi na ce wa kaina, "Tumbin jego ne, kowa na yi."

Gwaggo Hassu, yayar surukina, tsohuwar da ta karɓi haihuwar rabin Gangara, tana shigowa ta tsaya cak. Ko jaririyar ba ta kalla ba.

"Ke 'yar nan, taso in gani."

Ta latsa cikin, yatsanta ya nutse. Ta sake latsawa ta gefe. Sai ta sa salati.

"Jama'a, tagwaye ne! Sun ciro ɗaya sun bar ɗaya! Ga shi nan ya yi laushi, ko motsi ba ya yi!"

Nan fa gida ya kaure. Innata, wadda ta kwana bakwai tana ganin cikina, ita ma ta fashe da kuka. Aka aika waje wurin maza, mijina ya bar baƙi ya ruga neman mota. Ni kuwa kalma ɗaya ce za ta kashe maganar, amma girman kai ya riƙe mani baki. Har cewa na yi, "Gwaggo, ina jin kamar yana motsi kaɗan." (Har yau ban san shaiɗanin da ya sa ni faɗin haka ba.)

Mata huɗu suka tallabe ni zuwa zaure. Muka bi ta wurin masu suyar rago daidai an watsa yaji a mai. Atishawa! Ta ɗaya na daure. Ta uku kallabin ya kwance, matashi ya sulalo ta ƙarƙashin zane ya faɗi ƙasa, tim, a gaban surukina da liman.

Gwaggo ta sunkuya ta ɗauke shi, ta juya shi, ta ce, "Malam, ragon ɗaya ne, amma a daure a raɗa wa wannan ma suna."

Kowa ya kece da dariya, har ni. Kuma abin da na guda shi ya same ni: ɗinkin ya riƙa ja kamar ana yanka ni, ina hawaye ina ihu, "Gwaggo, don Allah ba ni ɗana!"

Tun ranar, in abu na yi mani ciwo, sai in buɗe baki in ce yana yi. Kunyar faɗi ta minti ɗaya ce. Tawa kuwa yarinyar har ta shiga lakol, wato makarantar boko, amma in na je Gangara ana tambaya ta lafiyar ƙanenta.