Yadda Ake Sa Tsohuwa Ta Yarda A Rushe Gidanta Da Tabarau

Idan mahaifinka ya rasu ya bar muku tsohon gida a tsakiyar Dhaka, mahaifiyarka kuma ta zauna daram a cikinsa ta ce ba inda za ta, to share hawayenka, ka zo inda ya dace. Sunana Mizanur, aikina zana gidajen da babu su. Benayen nan da kake gani a allunan talla na bakin titi, masu ciyawa shar da sararin sama garau, da yawansu daga kwamfutata suka fito, har da turawan da ke yawo da kare a ƙofarsu. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na ba ka tabbacin kafin damina ta zagayo katafila tana tsakar gidanku. Zan riƙa yi maka misali da abokina Tofayel na unguwar Gendariya, domin a kansa na gama ƙwarewa.

Mataki na ɗaya: Samo ɗan kwangila mai ƙamshi

Tsarin ka san shi. Ku ba da fili, shi ya tayar da bene, a raba ɗakunan, rabi nasa rabi naku. Zaɓi wanda turarensa ke riga shi shigowa, domin tsofaffi sun fi yarda da hanci fiye da takarda. Tofayel ya samo Mojumdar Saheb, mutumin da ko gaisuwa zai yi sai ya ce "hawa tara".

Kuma ka tabbata kana da dalili mai ƙarfi. Na Tofayel shi ne rufin gida. Ruwan sama ya mayar da ɗakinsa kasuwar robobi, matarsa Shirin kuma ta rantse cewa idan wata damina ta same ta tana tarar yoyo, za ta kwashe yara ta koma gidan yayanta. 'Yan'uwansa da ke ƙasashen waje duk sun sa hannu. Hannu ɗaya ya rage, na mahaifiyarsa Firoza Begum, wadda ni nake kira Khalamma tun muna 'yan makaranta.

Mataki na biyu: Kada ka furta kalmar rushewa

Ka ce gyara. Ka ce ci gaba. Tofayel ya durƙusa gaban mahaifiyarsa, wadda yake kira Amma, ya ce, "Amma, ɗaga gidan kawai za a yi sama."

Ta juya ganyen pan ɗin da take taunawa kamar goro zuwa ɗaya kumatun ta ce, "Shi gidan ne ya kawo maka ƙara cewa ya gaji da ƙasa?"

Idan taka ta ba ka irin wannan amsa, kada ka karaya. Tsohuwar da ke gatse tsohuwa ce da ke saurare. Wadda ta yi shiru ta ci gaba da tsince shinkafa ita ce abin tsoro.

Mataki na uku: Kawo tabarau

Zanen takarda ya daina aiki, tsohuwa za ta karɓa ta yi fifita da shi. Abin da ake yayi yanzu tabarau ne mai kauri da ake ɗaura wa mutum a fuska, sai ya ga kansa a cikin gidan da ba a ko haƙa harsashinsa ba. Ya waiwaya hagu ya ga taga, ya ɗaga kai ya ga fanka na juyawa. Na ga alhazai masu gemu suna miƙa hannu za su buɗe firjin da babu shi.

Kai dai kada ka saka. Mai sayar da kaya ba ya leƙa kayansa. Tofayel ya riƙe wannan doka da kyau, ya ce tabarau na sa shi jiri, bai taɓa yarda ya kai shi fuskarsa ba.

Na ɗaura wa Khalamma. Ta yi ta waige-waige, ni da Tofayel muna ƙyafta wa juna ido. Can sai ta ɗaga murya.

"Mizan, wace ce wannan jar matar mai gajeren wando a barandata? Kuma da kare! A inda zan shimfiɗa sallaya?"

"Khalamma, ado ce kawai."

"To kai ta gidan uwarka ta yi adon."

Na cire mata baturiya da karenta. Ka lura da nasarar da aka samu a nan: ta ce barandata.

Mataki na huɗu: Duk abin da ta nema, ka ce to

A nan ne sirrin sana'ar yake. Abin da ka ƙara a kwamfuta ba ya cin siminti, ba ya cin rodi, kuma ba wanda zai kai ka kotu a kansa. Ta ce ina bishiyar mangwaron da ke tsakar gida? Na dasa mata ɗaya nan take, a inda Mojumdar Saheb ya ware wa motoci. Bishiya ce kyakkyawa, miƙaƙƙiya, na sauko da ita daga intanet.

Ko minti ba ta yi ba ta ce, "Wannan ba tawa ba ce. Tawa ta karkata wajen katangar maƙwabta, kuma akwai guntun reshen da Tofayel ya faɗo daga kansa ya karya hannu. Wannan kuwa ko hankaka mai mutunci ba zai sauka a kanta ba."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye maka ba. Shekara da shekaru ina dasa wa manyan kamfanoni bishiyar nan, ba wanda ya taɓa zaginta.

Mataki na biyar: Kwafo abin da take so, amma kada ka ci abincinta

An zo zamanin da za ka zagaya abu da wayarka, ita kuma ta haɗiye siffarsa kaf, har da tsagar ɓawo, ta tofa shi cikin kwamfuta. Haka na yi wa mangwaron. Saman kuma na aro ɗan jirgin nan marar matuƙi mai ɗaukar hoto, hankakin unguwa suka yi masa taron dangi, da ƙyar ya sauko da fikafikansa.

Yanzu ga gargaɗi. Za ta kawo maka shayi mai madara. Za ta kawo shinkafa da kifi, da ɗanyen mangwaron da ta jiƙa a mai da yaji ta shanya a rufin ɗaki. Ka ce kana azumi. Ni ban ce ba, shi ya sa kullum da la'asar ƙafata ke kai ni Gendariya ko ba a kira ni ba. Kuma duk loma da buƙatarta.

Ta ce famfon tsakar gida, wanda sai an yi masa bugu uku yake kawo ruwa. Na saka. Ta ce lif ɗin nan a cire shi, ba za ta shiga akwatin da ke haɗiye mutum ya amayar da shi a wani wuri ba. Na cire. Ta ce to tunda babu lif, wa zai hau hawa tara da gwiwa irin tata? Na rage. Ta ce har yanzu benen na tare wa mangwaro rana. Na ƙara ragewa. Ta ce daga nan sama ba za ta iya kiran maƙwabciyarta ta kan katanga ta ari albasa ba.

Ka ci gaba da cewa to. Tsohuwar da ke gyara zane ta riga ta sayi gidan, saura ta ankara.

Mataki na shida: Kada ɗan kwangila ya leƙa

Mojumdar Saheb zai riƙa bugo waya. "Mizan Bhai, yaya hajiyarmu? Ta ga wurin motoci?"

Ka ce, "Saheb, kullum tana cikin gidan, da ƙyar ake fito da ita." Ba ƙarya ka yi ba.

Matar Tofayel ce matsala, Shirin da nake kira Bhabi. Wata rana na tafi wanke hannu, na dawo na tarar Shirin ta ɗaura tabarau. Ta fizge shi ta dube ni kamar za ta cinye ni ɗanye.

"Mizan Bhai, ina benen?"

"Bhabi, ana kan daidaita shi."

"Daidaita me? Wannan ai gidan nan ne da muke tsaye a ciki! Har jar robata ka saka a ƙarƙashin yoyo!"

"Khalamma ce ta ce ɗakin ya yi mata shiru da yawa."

Ta ce Allah ya isa tsakaninta da ni da kwamfutata. Irin wannan kada ya dame ka, kowane gwani da masu hassadarsa.

Mataki na bakwai: Abin da za ta nema a ƙarshe

Idan buƙatu suka ƙare, za ka ga ta rage surutu. Khalamma ta cire tabarau ran nan ta daɗe tana goge shi da gefen mayafinta. Sai ta shiga ɗaki ta ciro hoton mijinta daga bango, ta ɗora mini a cinya.

"Kujerarsa tana nan ƙarƙashin bishiya, ka saka ta daidai. Amma babu kowa a kai. Kai da ka iya kawo baturiya da kare."

Na so in ce na'ura ba ta kai nan ba. Sai dai ta kai, kuma bakina cike yake da kifinta. Na zauna na ƙera shi: zanensa mai ratsin shuɗi, farar singileti, jarida a hannu. Na tsara shi yadda idan mutum ya matso zai ɗago kai ya dube shi, ba magana. Ta gwada ta ce ban iya ba, shi bai taɓa kallon mutum ta cikin gilashinsa ba, ta samansa yake leƙowa, gira ɗaya a ɗage. Na gyara. Da ta sake gwadawa, sai ta ja mayafinta ta rufe kai. Na tattara kayana na fita ko shayin ban ƙarasa ba.

Kai kada ka bari wannan ya taɓa ka. Rubuta a ranka cewa tsohuwa ta nuna, saura tsinkewa.

Mataki na takwas: Ranar sa hannu

Mojumdar Saheb ya iso da kwalin alewar madara da takardu, ƙamshinsa ya kori na kifi. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Shirin ta tsaya bakin ƙofa ta harɗe hannuwa. Tofayel ya cire murfin biro cikin murna.

Khalamma ta ce, "Na yarda. Gidana yana cikin tabarau, ku rushe na wajen. Na gaji da ganin jikokina suna tari duk damina."

Ka ji ko? Na ce maka hanyar tana aiki. Mojumdar Saheb baki har kunne, ya fara buɗe alewa.

Sai ta ce, "Amma kafin nan, Tofayel, idona ya yi rauni. Leƙa ka duba mini ko komai ya zauna daidai, kada a cuce ni."

"Amma, jiri yake sa ni."

"Uwarka za ta sa hannu a abin da kai ba ka gani ba? Mizan, ɗaura masa."

A nan ya kamata ka faɗi ka suma, ko ka ce caji ya ƙare. Ni na tsaya duban fuskarta, na ga tana taunar pan ɗinta a hankali kamar ba ita ba, na ɗaura masa.

Tofayel ya waiga hagu ya yi dariya ya ce, "Kai, har famfon!" Ya waiga dama. Ya taka ƙafa ɗaya wajen bishiya. Sai dariyar ta ɗauke. Mutum mai furfura a gemu, mai 'ya'ya uku, ya miƙe tsaye cak, ya gyara wuyan rigarsa, ya ce da ƙaramar murya, "Assalamu alaikum, Abba." Hannunsa mai riƙe da biron kuma ya zame a hankali ya koma bayansa, daidai yadda yake ɓoye taba lokacin muna samari idan muka yi kiciɓis da tsohon a bakin lungu.

Mojumdar Saheb ya yi gyaran murya ya ce, "Tofayel Bhai, biron."

Tofayel ya ci gaba da kallon kujerar.

Khalamma ta miƙa tafin hannu ta ce, "Ba ni mana, ɗana. Mutum yana jira."

Hawaye ya zubo ta ƙarƙashin tabarau ya bi gemunsa. Biron bai fito daga bayansa ba. Shirin ce ta tako ta zare shi daga yatsunsa, ta dubi mijinta, ta dubi bishiyar, ta mayar masa da murfi ta soke shi a gashinta. Ta ce da ɗan kwangila, "Saheb, kai da ka san magina, wa ya iya gyaran rufi? Wanda ba ya turare nake so."

Kafin ka gwada

Ni Mizanur ba ruwana da abin da zai biyo baya. Alkawarin da na yi shi ne tsohuwa za ta yarda, kuma ta yarda, akwai shaidu. Ban ce komai a kan ɗanta ba. Idan ɗan kwangilarka ya kwashe alewarsa ya daina amsa gaisuwarka, idan ka ƙare kana shafa kwalta a kan rufi tare da leburori, idan har yau ba ka san ko uwarka shirya maka ta yi tun daga baturiyar ba, kada ka nemi lambata.

Tabarau kuma ka sayi naka, nawa bai dawo ba. In ka bi ta Gendariya da la'asar ka hango wata tsohuwa zaune ƙarƙashin mangwaron gaske, fuskarta ɗaure da na'ura, tana ba kujerar da ba kowa labarin tsadar kifi, ka wuce a hankali kada ka yi sallama da ƙarfi. Mutumin da za ka gani tsugune a gefe yana riƙe mata wayar caji, bakinsa duk mai, ban san shi ba.